Daga Marisuwa zuwa Korona: gida ya jure, lakwal ta durƙusa

Kakanninmu ba su cika lissafin shekaru da lambobi ba. Da abin da ya auku cikin shekara suke kiranta. Sai ka ji an ce wance an haife ta shekarar Kakalaba, wato babbar yunwar 1913 zuwa 1914, ko wane ya yi aure bayan yaƙin Kawusan da aka gwabza a Abzin cikin 1916 da 1917, ko kuma gidan su wane ya kusa ƙarewa a shekarar Marisuwa. Wannan ta ƙarshe ita ce murar da ta zagaye duniya a 1918. Mu ma yanzu mun samu tamu, shekarar Korona, kuma yaran da ke goye a lokacin su ne yau ke ɗaukar jaka suna nufar aji na farko.

In aka jera annobar nan biyu aka duba, abu guda ke fitowa fili. Gidan Bahaushe yana da tsofaffin dabarun jure masifa, na ci da sha da jinya da zumunci, sun yi aiki a 1918 kuma sun sake yi a 2020. Abin da gida bai tanadi dabararsa ba shi ne karatun boko. Ranar da aka rufe ƙofar aji, karatun mafi yawan ƴaƴanmu ya tsaya cak har ranar da aka buɗe. A kan wannan nake so mu yi magana, malamai ƴan'uwana da ku iyaye.

Hanyar da Marisuwa ta biyo

Turawa suna kiranta murar Sifaniya, ko da yake ba can ta faro ba. Ana cikin yaƙin duniya na farko ne, ƙasashen da ke yaƙi sun hana jaridunsu faɗin yawan marasa lafiya. Sifaniya ba ta cikin yaƙin, jaridunta suka yi ta ba da labari, sai sunan ya manne mata. Masana suna ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen miliyan 50 a duniya, fiye da waɗanda yaƙin kansa ya ci.

Ta ruwa ta shigo Afirka ta Yamma. A watan Agustan 1918 wani jirgin ruwan sojan Ingila mai suna Mantua ya tsaya a Firitawun ta ƙasar Saliyo don ya ɗauki kwal, da matuƙa marasa lafiya a cikinsa. Leburorin da suka yi lodi suka koma gidajensu da cutar. A tsakiyar Satumba wani jirgin mai suna Bida ya kai ta Ikko, daga nan kuma ta hau jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano tun 1911, kuma hanyar da ta sauƙaƙa fitar da gyaɗa da fatu ita ta sauƙaƙa shigowar ciwo: tafiyar da ke cin fatake wata da watanni, mura ta yi ta cikin ƴan kwanaki. Daga Kano kuwa kowa ya san inda ayari ke bi: Katsina, Daura, Maraɗi, Tasawa, da Damagaram, wadda a lokacin ita ce mazaunin mulkin sojan Faransa a Nijar. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ba ta taɓa tare jaki ba, balle ta tare tari. A Najeriya kaɗai ana ƙiyasta mutuwar mutum wajen 500,000 cikin al'ummar da ba ta wuce miliyan 18 ba.

Ɓarnar ta yi yawa saboda irin mutanen da ta fi kamawa. Mura ta yau da kullum jarirai da tsofaffi take kayarwa. Marisuwa kuwa majiya ƙarfi ta fi ɗauka, ƴan shekara 20 zuwa 40, wato masu noma, masu daka, masu ɗebo ruwa, masu goyo. Ta kuma iso ƙasar Hausa a ƙarshen shekara, lokacin kaka da shigar sanyi, dawa da gyaɗa na jiran hannu. Shekara huɗu ke nan da fita Kakalaba, rumbuna da garkuna ba su gama komawa yadda suke ba. A cikin 1918 ɗin ne kuma Faransa ta yi babban ɗiban soja a ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin jagorancin ɗan majalisar nan na Sanigal, Blaise Diagne.

Magani babu, ko a Paris ko a Landan. Sai a 1933 aka gano ƙwayar da ke haddasa murar ɗan Adam. Abin da ke raba mai tashi da mai tafiya, bayan kwana, sau da yawa jinya ce: a samu wanda zai ba shi ruwa, ya dama masa kunu, ya hura masa wuta, ya lulluɓe shi. Gidan da kowa ya kwanta rana ɗaya kuma babu maƙwabci mai leƙowa, ƙishirwa da yunwa kan ƙarasa abin da zazzaɓi ya fara. A nan ne tsarin zamanmu na da ya yi rana. Gandu ya haɗa ƴan'uwa a gona ɗaya da rumbu ɗaya, don haka rasuwar magidanci ba ta bar iyalinsa hannu banza nan take. Gayya tana kwashe amfanin gonar wanda ya kasa. Riƙo yana ba maraya uwa a ɗakin gwaggo ko na inna. Zakkar hatsi tana kaiwa ga wanda ba shi da kowa.

Annoba tana sauya har abin da ke cikin tukunya. Masanin tarihin nan ɗan Najeriya, Don Ohadike, ya nuna cewa a yankin kudancin kogin Kwara noman rogo ya bazu sosai bayan 1918. Doya tana son maza masu ƙarfin tada kunya, su kuwa sun ragu. Rogo ba shi da wahala haka, yana jira a ƙasa har a buƙace shi, mata da yara suna iya nomansa. Garin rogon da muke jiƙawa yau a Maraɗi da Ƙonni yana da nasa rabon a wannan tarihin.

Karatu fa? A 1918 makarantun boko a Nijar ƙalilan ne, a manyan barikoki, da ƴan yara kaɗan. Karatun da jama'a suka sani na allo ne, shi kuwa ba ya dogara da gini ko takardar hukuma. Allo yana gida, tawada ana dafa ta a gida, wutar kara tana isa a yi karatun dare. In malam ya kwanta gardi ya biya wa ƙanana, in gardi ya yi tafiya akwai wani a unguwa da ya sauke. Ilmin a warwatse yake cikin mutane, shi ya sa ciwo ba ya iya rufe shi da kwaɗo ɗaya.

Maris ɗin 2020

Shekara ɗari da biyu bayan haka, cutar ba ta jira jirgin ruwa ba. Ranar 11 ga Maris 2020 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta bayyana Korona a matsayin annobar duniya. Ranar 17 ga wata Shugaba Mahamadu Isufu ya sanar da rufe filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram, da iyakokin ƙasa, da makarantu, aka kuma hana taron da ya wuce mutum 50. Ranar 19 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Yamai. Kafin wata ya ƙare an kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, an hana yawon dare a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, an killace birnin ba shiga ba fita, an dakatar da sallar jam'i.

Mu na kudu, rufin iyaka ya same mu da tsohon miki. Tun watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe nata ɓangaren, kuma ba ta buɗe Illela da Maigatari ba sai a Disamban 2020, Jibiya kuwa sai a 2022. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke kallon Katsina, da na Magarya da Matamai da ke kallon Kano da Daura, sun riga sun jigata kafin Korona ta zo. Ga kuma ƴan cin rani. Daga Adar zuwa Damagaram, gidaje da yawa da aiken ɗan da ke Abijan, ko Ikko, ko Libiya, ko Aljeriya suke kai bazara. Da kasuwannin can suka tsaya, aike ya yi ƙasa, hanyar dawowa gida kafin shuka ta toshe. Gwamnonin arewacin Najeriya kuma suka shiga mayar da almajirai garuruwansu, har da ƴaƴanmu da aka dawo da su.

Dokar hana yawon dare ta faɗa a kan masu ci da dare: mai shayi, mai tsire, mai ƙosai, ɗan kabu-kabu. Ga zafin Afrilu, lokacin da mutane ke kwana waje, samari na zaman fada har tsakar dare. Azumi ya kama a ƙarshen watan. Rufe masallatai ya fi komai ɗaga hankali. An yi tarzoma a Mirriya, an yi a unguwannin Yamai inda aka kama mutane fiye da ɗari. Malaman da suka goyi bayan matakin sun tunatar da labarin Sayyidina Umar, wanda ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke can, a zamanin annobar Amwas da ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. Wasu kuwa suka ce ga kasuwa cike, don me sahu kaɗai za a watse? Ranar 13 ga Mayu aka buɗe wuraren ibada. Hajji kuma bai samu ga maniyyatanmu ba a 2020, bai samu ba a 2021.

Abin da ya ƙara rura gardama shi ne ƙarancin waɗanda aka gani sun kamu. Har zuwa Mayun 2023, lokacin da OMS ta ɗage matakin gaggawa, waɗanda gwaji ya tabbatar a Nijar ba su kai 10,000 ba, mamata kuwa ɗari uku da ƴan kai. Gwaji bai kai ko'ina ba, kuma kusan rabin ƴan ƙasarmu ba su kai shekara 15 ba, alhali Korona tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ta fi kayarwa. Uwar da zazzaɓin sauro ya raba da ɗanta a daminar bara, da wuya ka tsorata ta da cutar da ba ta gani ba. Sai dai cutar tana nan. Ita ta ɗauki ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ranar 3 ga Mayu 2020. A Kano, cikin Afrilun shekarar, mutum kusan dubu suka rasu a ƴan makonni, yawancinsu dattawa, kuma binciken hukumomin Najeriya ya danganta rabi ko fiye da haka da Korona.

Yadda aka yi aka kai

Gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin ruwa da na wuta na masu ƙaramin ƙarfi tsawon wata biyu, ta saki fursunoni fiye da 1,500, an raba hatsi a wasu wurare. Wanda ke da famfo da lantarki a gidansa ya ji sauƙi. Sauran jama'a, su ne mafi yawa, da tsohuwar zuma suka yi magani.

Teloli suka mayar da ƙyallen atamfa takunkumin rufe baki da hanci. Masu walda suka ƙera wurin wanke hannu da ake takawa da ƙafa. Buta dama tana kowane gida, sabulu kaɗai aka ƙara mata. Suna da ɗaurin aure suka koma na mutum kaɗan, kuma magidanta da yawa sun gane a ransu cewa rage taro ya rage musu bashi. Ta'aziyya da barka suka koma saƙon murya ta WhatsApp. Mai kanti ya ci gaba da rubuta bashi a littafinsa. Maƙwabciya ta ci gaba da miƙo kwanon tuwo ta kan katanga. Adashe bai mutu ba, haka ma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a yankin Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Asusun da mata ke tarawa mako-mako shi ya sayi tiyar hatsi a gidajen da aiken maigida ya yanke. Duk wannan gandu ne da gayya da riƙo a cikin sabuwar riga.

Mako goma ba aji

An rufe makarantu ranar 20 ga Maris, ba a koma ba sai 1 ga Yuni. Mako goma ke nan, a tsakiyar shekarar karatu. Ba mu kaɗai ba ne, domin hukumar UNESCO ta ƙidaya ɗalibai wajen biliyan 1.6 a duniya da rufin ya shafa. Bambancin yana ga abin da yaro ya tarar a gida. A Faransa da Amurka aka koma karatu ta intanet. A nan, ko mutum ɗaya cikin biyar bai da lantarki, a ƙauye kuwa abin ya fi haka muni. Cikin manyanmu kusan ɗaya cikin uku ne ya iya karatu da rubutu. Littafin aji sau da yawa yana kulle cikin akwatin darekta saboda bai isa kowa ba. Babban shingen kuma harshe ne: darasin da Faransanci yake, uwa da Hausa take magana. Matar da ke iya gyara wa ɗanta kuskure a Fatiha ba ta da ta cewa in ya buɗe littafin CE1 a gabanta. Laifin ba nata ba ne. An gina lakwal ne a kan cewa ilmi yana hannun malami kaɗai, cikin harshen da ba na gida ba, a cikin ɗaki ɗaya. Da aka rufe ɗakin, komai ya rufu.

Ranar komawa ma ta zo da nata. Yuni farkon damina ne, gona tana kiran kowane hannu, kuma azuzuwan zana ba sa jure iska da ruwa. Aka yi ƴan makonni ana gudu da manhaja, aka ɗaga jarrabawar birbe da ta bak zuwa Agusta, sauran yara aka wuce da su aji na gaba. Ɗan CP da ya fara haɗa baƙaƙe a Maris ya shiga CE1 ya manta rabinsu, kuma duk malami ya san wanda ya wuce wannan matakin bai iya karatu ba, da wuya ya kamo a CM2. Wasu benci kuma ba su sake cika ba: yaro ya bi sana'a ko ya tafi bida, yarinya ta shiga talla ko an sa mata rana. A ƙasar da mata uku cikin huɗu ke yin aure kafin shekara 18, dogon zaman gida ba hutu ba ne ga ɗiya mace.

Abin da wasu suka yi, da abin da mu ma muka taɓa yi

Koyar da yaro yana gida ba da intanet aka fara shi ba. A 1918, birnin Los Anjalas na Amurka ya riƙa aika wa ɗalibai darussa ta gidan waya. A 1937, da shan-inna ta hana buɗe makarantun Shikago, yara fiye da 300,000 sun ɗauki darasi ta rediyo, jaridu suna buga jadawalin kowace rana, an kuma ajiye malamai a bakin tarho don amsa tambayoyin iyaye. A Saliyo, da Ebola ta rufe makarantu wajen wata tara daga 2014 zuwa 2015, rediyo aka sa ya riƙe yara.

Mu kanmu ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun farkon shekarun 1960 Nijar ta kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a garuruwa, inda ake taruwa a ji shiri da harsunan gida a tattauna. A 1964 aka fara koyar da ƴan firamare ta talabijin, gwajin da ya yi suna har a ƙasashen waje, kuma an kai ga kunna akwatunan da hasken rana a ƙauyukan da babu wuta. A 1973, a Damagaram, aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke fara koyar da yaro da Hausa kafin Faransanci. Yau muna da gidajen rediyon karkara fiye da ɗari, ga wayar salula a kusan kowace unguwa. Kayan aikin suna nan. Shiri ne ba a yi ba kafin rana ta ɓaci.

Kada kuma a ɗauka rufe lakwal abu ne na shekara ɗari-ɗari. A Afrilun 2015 sanƙarau ya sa an rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. A 2024 ambaliya ta sa an ɗaga komawa aji zuwa ƙarshen Oktoba a duk ƙasa. A yankin Tilaberi rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu. Ko ba annoba, ƙofar aji za ta sake rufuwa wata rana.

Abin da ya rage gare mu

Darasin makarantar allo shi ne a warwatsa ilmi cikin mutane yadda kwaɗo ɗaya ba zai kulle shi ba. Wannan ba sai an jira minista ba. A taron farkon shekara, kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye da ta uwaye mata suna iya zama da malamai su amsa tambaya guda: in an rufe gobe, wa zai riƙe yaran kowace unguwa? A kowane gari akwai ɗan koleji, da tsohon ma'aikaci mai ritaya, da matar da ta kai CM2. Kowanensu yana iya tara yara biyar ko shida a inuwa, awa guda a rana, in malami ya rubuta masa abin da zai bi mako-mako. A san tun yanzu wane littafi zai bi yaro gida da wanda zai sa hannu a kansa. A nemi rediyon gari ya ware wa malamai rabin awa ko da lafiya lau ake, don kunnen yara da na iyaye ya saba.

Ku iyaye, ko ba ku ji Faransanci ba, kuna da abin yi. Yaron da ya iya karanta Hausa da boko yana iya karanta wa uwarsa, ita kuma ta gane ko daidai ne ko shirme, kuma baƙaƙen da ya riƙe da Hausa su ne zai shiga Faransanci da su. Lissafi kuwa yana cikin awon tiya da canjin jika. Ku sa shi ya rubuta abin da aka saya ran kasuwa, ya tara, ya karanto muku.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu malamai. Marisuwa ta bar mana suna da labarin baki, lissafinta kuwa Turawan mulki ne suka rubuta, da idonsu da bukatarsu. Shekarar Korona tana nan ɗanya a zukatan mutane. A ba ƴan CM2 da ƴan koleji aikin gida: su tambayi iyaye da kakanni yadda aka yi azumin 2020, nawa aka sayi tiyar gero, wa ya maƙale a wace ƙasa, wa ya taimaki gidan, ƴan ajinsu nawa ne ba su dawo ba. Su rubuta da Hausa da Faransanci, a ɗinke takardun a ajiye a makaranta. Darasin tarihi ne da na rubutu a lokaci guda, kuma jikokinsu za su samu abin da za su buɗe ranar da tasu shekarar ta zo.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kiyashe mu da ƴaƴanmu daga annoba.